Ɗaurin da ya wuce kima: yadda notin manifol ya kusa cinye tof ɗin wata Golf a Kano

Motar Golf 3 ce doguwa, mai injin fetur 1.8, tana lodi daga tashar Yankaba zuwa Haɗeja ta Gezawa da Ringim. Volkswagen ta fara fitar da wannan samfuri a 1991, doguwar kuma an daina ƙera ta a 1999, saboda haka duk wadda ka gani tana ɗaukar fasinja a Kano yau ta haura shekara 25, ta sha gishirin titunan Turai kafin ta zo ta sha ƙurarmu. Gangar injin ƙarfen zubi ce, tof silinda kuwa, wato kan injin da ke rufe silinda ta sama, alminiyam.

A irin wannan inji manifol ɗin salansa, wato ƙarfen da ke tara hayaƙin silinda ya miƙa wa bututun salansa, da na shigar iska gefe guda suke, can bayan inji, suna kallon bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja. Na iska yana sama, ya rufe na salansa. Sitod, wato bol marar kai mai haƙora ta baki biyu, guda takwas ne ke riƙe da na salansar, biyu ga kowace silinda, kowanne mai kaurin milimita 8, an dasa gindinsa cikin alminiyam, noti a kansa. Hannu ba ya kai musu cikin daɗi. Wasu sai an leƙo ta sama, wasu sai an kwanta a ƙasan mota. Wannan matsin wurin ma yana da nasa kason a abin da ya faru.

Da ƙara abin ya fara. Idan direba ya tayar da mota da asuba sai a ji "tas-tas-tas" daga bayan inji, tana bin bugun injin, in ya taka totur ta ƙara sauri. Kafin ya fita daga unguwa ta ɗauke. Bakaniken da ya saba kai wa ya saurara, ya ce tafet ne, wato ƙarafunan da ke danna bawul, a yi juyen mai. Ba maganar banza ya yi ba, don tafet ɗin wannan inji da mai yake aiki, kuma yakan yi ƙara da sanyin safiya kafin mai ya cika shi. Amma ƙarar tafet daga sama take fitowa, ƙarƙashin murfi, ƙarar ƙarfe kan ƙarfe. Wannan kuwa huci ce, kuma tana ƙaruwa idan mota ta ɗauki nauyi. Da an toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci inji na sanyi, da an ji ta fito fili, domin hayaƙin da ya rasa hanya ta baya zai yi ta matsowa ta inda yake yoyo. Ɗaukewar da take yi idan inji ya ɗumama ma shaida ce: manifol ya kumbura, ya rufe ɗan gibin da ke tsakaninsa da tof.

An juye mai, ƙara ba ta tafi ba.

Akwai tarihin da direban bai ga dalilin faɗa ba, don a wurinsa maganar ta wuce. Watanni kafin nan, cikin bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, tiyon ruwa ya fashe masa bayan Ringim. Fasinja na ta "direba mu je mana," shi ma yana son ya kai gari, ya ci gaba har inji ya tsaya da kansa. Gasket ɗin tof ya ƙone. Aka sauke tof, aka goge fuskarsa a inji, aka mayar. Manifol ɗin salansa kuma aka mayar da shi da tsofaffin gasket, da tsofaffin noti, aka shafe da jan gam. Aka cire tamostat, abin da ke tare ruwan inji har ya ɗumama, aka haɗa fanka kai tsaye, yadda aka saba yi wa duk motar da ta taɓa tafasa a garin nan.

Abu biyu aka shuka ran nan. Alminiyam zalla sai ya kai digiri 660 yake narkewa, amma tun nesa da nan yake fara rasa ƙarfinsa, kuma tof ɗin da ya yi gudu babu ruwa yana iya yin laushin da ba ya komawa ko ya huce. Na biyu, babu wanda ya ɗora rula a fuskar manifol ya ga ko tana nan a miƙe.

Komawa ta biyu ita ce ta ɓata lamarin. A wannan karon bakaniken ya haska wurin, ya ga baƙin toka ya yi zane a gefen silinda ta huɗu, ya ce, "Ai noti ne ya saki." Motar daga hanya take, inji na huci. Yaron gareji ya ɗauko soket, ya zura bututu a hannun sifana don ya sami tsawo, ya jingina. Notin farko ya ɗan juya, sai "ƙas", ya faɗo da rabin sitod a cikinsa. Na biyun ya yi tauri, ya ƙara tauri, sai kuma ya yi laushi a hannu, yana ta juyawa ba ya kamawa. Da aka zaro shi, sitod ɗin ya fito ɗungurungum da zaren alminiyam nannaɗe a haƙoransa. Tiredin cikin tof ne, wato haƙoran ramin, ya biyo shi.

Maganin da aka yi a tsaye shi ne aka lalubo wani dogon bol a gwangwanin tarkace, aka shafe shi da gam, aka murɗa cikin ramin da ya mutu. Ya yi tauri kuwa, kowa ya ji daɗi. Daga baya aka gane taurin na ƙarya ne: bol ɗin ya fi ramin tsawo, bakinsa ya je ya tokari ƙasan rami, kansa bai danne manifol ba sam. Karyayyen kuma aka bar shi a ciki, aka ce bakwai ma sun isa. Gaskiyar magana, bakin silinda ta huɗu babu abin da ke riƙe da shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Daga nan ƙarar ta daina jiran safiya, ta zama ta kullum. Wari ya fara shiga mota, don inda Golf ke shaƙar iskar ɗaki yana gindin gilashin gaba, sama kaɗan da inda hayaƙin ke fita. Da hunturu ya shigo aka fara rufe gilasai, fasinja suka riƙa sauka da ciwon kai, direban da kansa yana jin barci a tsakar hanya. Warin ba shi ne abin tsoro ba. Iskar kabon monoksayid da ke cikin hayaƙin fetur ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Sai shan mai. Hayaƙi a salansa bugu-bugu yake fita, tsakanin bugu da bugu gibin yana zuƙo iskar waje. Na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi sai ta ga iska ta yi yawa, ta gaya wa kwamfutar inji cewa fetur ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara. Tun da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, babu direban haya da ke wasa da lita ɗaya. Balas ya fara zuwa da giɓi, a nan ne Alhajin da ke da motar ya shigo maganar, ya ce a kai ta wurin wani dattijon bakanike a Kwakwaci.

Dattijon a kan Fijo 504 ya koyi aiki, wadda aka fara haɗa motocin kamfaninta a Kaduna tun 1975, kuma ita ma tof ɗinta alminiyam ne. Wato alminiyam ba baƙo ba ne a garejin Kano, abin da ya yi ƙaranci shi ne sifanar awo, mai auna ƙarfin ɗauri. Shi yana da ita, a nannaɗe cikin tsumma a akwati, ba ya ba yara aro. Ya leƙa, ya taɓa bol ɗin da aka sa, ya ga washa na kaɗawa a ƙarƙashin kansa.

"Ka ajiye ta, sai gobe in Allah ya kai mu."

"Haba Baba, ɗan ɗauri ne fa kawai. Layina ya kusa zuwa."

"Ɗaurin ne ya kawo ka nan, samari. Ba na taɓa ta da zafi."

Ya kamata a tsaya a nan a duba abin da notin manifol yake yi, don in ba a gane shi ba, za a ɗauka dattijon jan rai kawai yake yi.

Noti ba ya riƙe abu don ya yi tauri a hannu. Yana riƙewa ne saboda sitod ɗin da ke cikinsa ya miƙe, yana neman komawa yadda yake, kamar robar da ake ɗaure buhu da ita a bayan babur. Awon da littafin gyaran wannan inji ya bayar shi ne Niyuton-mita 25, abin da ake rubutawa Nm a jikin sifana. A hannu, wannan daidai yake da ka rataya kilo 8 da rabi a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30. Abin ba shi da yawa, amma idan haƙoran a bushe suke yana sa kowane sitod ya ja da ƙarfin da ya kai tan ɗaya da rabi. Yaron da ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya ya jingina da kilo 20 kacal, ya ba notin kusan Nm 200, ninki takwas na abin da ake so. Bai ma yi nishi ba.

Miƙewar da sitod ɗin ke yi a wannan awo kuwa kaɗan ce ƙwarai, wajen milimita 0.05, alhali zagaye ɗaya na noti yana tafiyar milimita 1.25. Abu biyu ke fita daga nan. Tsakanin ɗaurin da ya yi daidai da wanda ya wuce kima, juyi ne ɗan ƙanƙane. Sannan idan gasket ya ɗan kwanta bayan ya sha wuta, ko da milimita 0.03 ne, fiye da rabin riƙon ya tafi, noti kuma bai juya ko kaɗan ba. Shi ya sa "noti ya saki" sau da yawa ba sakin noti ba ne. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ya ragu.

Sai maganar zafi, wadda a nan ne har masu ilimin abin suke yin kuskure. Kowa ya san alminiyam ya fi ƙarfen zubi kumbura, kusan ninki biyu a kowane digiri: shi wajen kashi 23 cikin miliyan, ƙarfen zubi wajen 11. Sai a ɗauka tof ne ya fi motsi. Amma tof ruwa ke zagaya cikinsa, manifol kuwa tsirara yake karɓar hayaƙin da kan kai digiri 700 zuwa sama idan mota ta ɗauki kaya tana gudu. A ɗauka tsawon wurin santimita 35 ne. Idan zafin manifol ya ƙaru da digiri 500, zai ƙara tsawon kusan milimita 2. Tof ɗin da zafinsa ya ƙaru da digiri 100 ba zai ƙara ko milimita 1 ba. Bambancin kusan milimita guda ne, rabi ta wannan ƙarshe, rabi ta wancan, kuma wannan kai-komo yana faruwa duk lokacin da aka tayar da inji aka kashe. Saboda haka ne ramukan da ke jikin manifol suka fi sitod faɗi. An yi mahaɗar ne don ta riƙa zamewa a kan gasket, a ƙarƙashin washa, tana nan a matse. Sitod na tsakiya kusan ba sa motsi. Na gefe biyu, silinda ta ɗaya da ta huɗu, su ke shan duk tafiyar, shi ya sa kusan kullum su ne ke karyewa.

Ƙara ɗauri ba ya hana ƙarfe kumbura. Ƙarfin sai ya nemi wata hanya: ya lanƙwasa sitod, ko ya tsaga manifol, ko ya tumɓuke tiredi. A tof ɗin ƙarfe, sitod ne ke fara sarewa, a sayi wani. A alminiyam, musamman wanda ya taɓa dahuwa, tiredin da ke cikin tof shi ne mai rauni, shi ne kuma mai tsada. In aka ɗaura da zafi an haɗa masa biyu: alminiyam ɗin ya fi laushi a lokacin, ramin kuma ya buɗe fiye da sitod ɗin da ke ciki, haƙoran ba su cika kama juna ba. Awon littafi na inji mai sanyi ne.

Washegari dattijon ya yanke shawarar sauke tof gaba ɗaya. Direba bai so ba, don hakan na nufin sabon gasket ɗin tof da sababbin bol ɗinsa. Amma huda rami a miƙe a bayan injin Golf, a wurin da ko kai ba ya shiga, caca ce, kuma bayan waɗannan ramuka hanyar ruwa ce. In bakin huda ya kauce ko ya wuce, ruwan lagireto zai fara fita ta ramin sitod.

A kan benci komai ya bayyana. Fuskar karyayyen sitod kala biyu ce: fiye da rabi baƙa ce mai tsatsa, ragowar fara tas. Baƙin tsohon tsagu ne da ya daɗe yana ci a hankali saboda lanƙwasa da miƙewa, farin shi ne ɗan abin da ya rage, wanda yaron ya ƙarasa. A wannan kam a yi wa bakaniken farko adalci, ko wa ya taɓa shi sai ya karye. Wanda aka tumɓuke ne aikin bututu. Da aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol, haske na wucewa ta ƙarƙashin bakin silinda ta huɗu, ya ɗaga ya bar sauran. Ramukan gefe kuma sun yi ƙyalli ta ciki, alamar sun daɗe suna gugar sitod, don tsohon manifol na ƙarfen zubi yakan ɗan tsuke ya karkace bayan shekaru na wuta da sanyi. Wato gibin da ake ta bi da sifana tun farko ba na ɗauri ba ne. Ko an kai notin ina, lanƙwasasshen ƙarfen zubi ba zai kwanta ba, sai dai ya fashe.

Kafin a kashe wa manifol ɗin kuɗi an jiƙa shi da kananzir, aka goge, aka shafa masa alli. Inda tsagu yake kananzir kan fito ya jiƙa allin. Bai fito ba. Aka kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe suka goge fuskar ta koma layi ɗaya, dattijon ya ɗan faɗaɗa ramukan gefe da magagari don sitod ya sami wurin numfashi.

Karyayyen sitod ya karye ne ƙasa kaɗan da fuskar tof. Ba a yi amfani da ƙarfen nan mai murɗin hagu da ake dasawa cikin karyayyen bol ba, don in ya karye a ciki, taurinsa ya fi na bakin huda, an shiga uku. Mai walda aka kira. Ya ɗora washa a bakin ramin, ya ɗiga wuta a kan guntun har ya taso, ya ɗora noti ya cika cikinsa. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, zafin kuma yana fasa tsatsar da ta haɗe su. Aka bari ya huce, aka riƙa kaɗa shi gaba da baya a hankali. Notin farko ya ɓalle, na biyu ya fito da guntun, tiredin ramin a ido lafiya lau.

Ramin da ya mutu shi ne aka yi muhawara a kai. Hanya mafi sauƙi a garejinmu ita ce a buɗe shi a yanka tiredin milimita 10, a sa babban bol. Tana aiki, amma tana cin naman da ke kewaye da ramin, sai an faɗaɗa ramin manifol, kuma a ƙarshe an sami ɗaya mai kauri cikin bakwai sirara, awonsa daban, miƙewarsa daban. Hanya ta biyu a cike ramin da waldar alminiyam a sake hudawa, wanda ke nufin a ƙara wa tof ɗin da ya riga ya sha wuta wata wutar. Dattijon ya zaɓi ta uku, zaren ƙarfen nan mai kama da sifirin da ake sayarwa da sunan Helicoil. Ana buɗe ramin da bakin huda na milimita 8.3 ko 8.4 gwargwadon kayan, a yanka tiredi da taf, ƙarfen yankan tiredi da ya zo tare da su, a murɗa zaren ciki, sai ramin ya koma milimita 8 kamar da, haƙoransa kuma na ƙarfe. Ya auna zurfin wani lafiyayyen rami, ya naɗa salatif a bakin hudar daidai nan. Ya ɗaura manifol ɗin da sauran sitod don raminsa ya zame masa jagora, kada hannu ya karkace.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne wanda babu wanda ya roƙe shi ya yi. Kafin ya haɗa komai, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya sa sitod, ya zura masa guntun bututu da washa, ya ja noti da sifanar awo zuwa 25. Lafiyayyen rami yana kai awon sifana ta yi ƙara. Biyu ba su kai ba, suka fara bin hannu tun wajen 20. Ɗaya maƙwabcin wanda ya mutu ne, ɗaya a silinda ta uku. Da ba a gwada ba, da sai an mayar da tof kan inji sannan su nuna hali. Su ma aka sa musu zaren.

Ya wanke ramukan da fetur, ya hure su da iska har suka bushe. Rami ne mai toshe, in mai ko ruwa ya kwanta a ƙasansa aka murɗa sitod a kai, matsin na iya tsaga alminiyam. Sababbin sitod ya sa duka takwas, ya shigar da su da noti biyu da aka kulle da juna, har suka zauna, ya ɗan taɓa kaɗan ya bari. Sitod ba a ɗaure shi cikin tof da ƙarfi. Jan da noti zai yi masa shi ne zai riƙe shi. Kuma fifikonsa a kan bol ke nan a alminiyam: duk juyin ɗauri da kwancewa yana faruwa tsakanin noti da sitod, ƙarfe da ƙarfe, tiredin tof yana zaune abinsa.

Wani yaro ya miƙo giris. Dattijon ya ce, "Kai ɗan nan, mayar." Yaron ba shi da laifi, ya ga yadda tsatsa ke cin waɗannan noti. Sai dai kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake sa wa sifana gogayya ce ke cinye shi, a haƙora da ƙarƙashin noti, ɗan ragowar ne ke miƙar da sitod. In aka shafa abu mai santsi gogayya ta ragu, sifana za ta nuna 25 ɗin nan, amma jan da ke kan tiredi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Giris na yau da kullum ma ƙonewa yake a wannan zafi ya zama gawayi. Akwai man jan ƙarfe da aka yi don irin wurin, mai amfani da shi sai ya rage awo. Shi dattijon noti masu rufin jan ƙarfe ya aika aka nemo a Ƙofar Ruwa, irin waɗanda bakinsu a ɗan matse yake don su kulle kansu. Rufin yana hana su mannewa, matsin yana hana su warwarewa, kuma sau ɗaya ake amfani da su. Ya haɗa da washa masu kauri, ba masu tsaga ba, don washa mai tsaga tana mutuwa a wuta.

Tun tof na kan benci ya ɗora manifol, inda sifanar awo ke kai wa kowane noti a miƙe. Sababbin gasket, babu gam. Ya shigar da noti takwas da hannu tukuna. Ya fara daga tsakiya yana fita gefe, sama da ƙasa, hagu da dama, a awo 10. Ya sake zagayowa a 18, sannan 25. Ya ƙara zagaye ɗaya a 25 ɗin, don idan maƙwabta suka matse, na farkon kan ɗan sami sauƙi, kuma biyu na tsakiya sun motsa. In aka fara daga gefe, an kulle bakin manifol biyu, tsakiya ta rasa inda za ta baje. Bol ɗin tof kuwa nasu tsarin daban ne, 40, sai 60, sai kwata-kwatan zagaye sau biyu, shi ya sa ba a maimaita tsofaffi.

Da aka zo haɗa bututun salansa sai ga wani mai laifin da ba a yi zato ba. An taɓa yanke indomin motar, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a salansa, aka yi waldar miƙaƙƙen bututu a wurin, har da mahaɗar da aka yi don ta riƙa lanƙwasa. Robar mazaunin inji ta baya kuma ta mutu. Injin Golf a gicciye yake, duk tashi da duk canjin giya yana rausayawa gaba da baya. Da babu abin da zai lanƙwasa a tsakani, nauyin salansa gaba ɗaya manifol yake ja, manifol kuma sitod. Aka canja robar, aka sa mahaɗa mai lanƙwasa. Da an bar wannan, sabon aikin ma ba zai yi nisa ba.

Ya ce wa direban ya yi lodi biyu ko uku ya dawo ya kwanar da motar. Masu gasket na zamani mai faifan ƙarfe hawa-hawa galibi ba sa neman a sake bin noti, amma gasket mai taushi a kan tof ɗin da aka yi wa ɗinki, bin sa ya fi. Direban ya ja ƙafa, don ƙara ta ɗauke, mai ya dawo daidai, sai da Alhaji ya matsa masa. Da safe, inji na sanyi, dattijon ya sa sifana a 25, bai kwance komai ba, ya bi su daga tsakiya. Biyu na silinda ta huɗu sun ɗan juya kafin sifana ta yi ƙara, sauran ba su motsa ba.

Inda ban gamsu ba shi ne ramuka biyar da aka bari da tiredinsu na asali. Alhaji ma ya tambaya: "Malam, tunda an riga an sauke, me ya hana a yi musu duka?" Amsar dattijon ita ce sun ci jarrabawa, kuma ba ya huda abin da bai mutu ba, don kowace huda tana da nata haɗarin kusa da hanyar ruwa. Hujja ce. Amma uku cikin takwas sun riga sun nuna cewa ƙarfen ya yi laushi a wannan ɓangare, jarrabawar kuma da sanyi aka yi ta, sau ɗaya. A ganina lokacin da tof ke kan benci shi ne mafi arahar lokacin yin aikin. Yanzu in ɗaya ya saki, sai an sake sauke tof, a sake sayen gasket da bol, kuma a lokacin lissafin zai karkata ne ga sayen wani tof ɗin Beljiyam, wanda shi ma babu mai sanin ko ya taɓa tafasa a hannun mai shi na farko. Dattijon ya gaya wa Alhaji ya fara ajiye kuɗin tof a gefe. Ya kuma ce a mayar da tamostat, a gyara fanka ta koma tashi da kanta. Direban ya ce shi dai ba zai sa abin da zai toshe masa ruwa a hanyar Haɗeja ba, kuma har yanzu ba a mayar ba.